Yana Aji Biyar, Karatunsa Yana Aji Biyu

A farkon shekarar 1996 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ta fara raba littattafan karatu a makarantun firamare na karkara a yankunan Busia da Teso, can yammacin Kenya kusa da iyakar Uganda. Makarantu 100 ne a cikin shirin, kuɗin da ke hannu kuwa ba zai wadace su a lokaci guda ba. Sai aka jera sunayensu, aka riƙa ɗaukar ɗaya cikin kowace huɗu, har aka samu 25 da za su fara karɓa, sauran su jira nasu layin. Wasu masana tattalin arziki uku, Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin, suka ce tunda abin ya zo a haka, bari su bi sawu su ga me littafin zai ƙara wa yaran.

Da a lokacin ka tambayi kowa, cewa zai yi wannan ai ɓata lokaci ne. Yaro ba shi da littafi, an ba shi littafi, me kuma ya rage? Amma da aka yi jarrabawa aka haɗa maki, sai aka tarar yaran makarantun da suka samu littafi, in an ɗauke su a dunƙule, ba su ɗara na sauran makarantun ba. 'Yan ƙalilan ne suka ƙaru, su ne kuma waɗanda dama can suke sahun gaba a aji. Dalilin bai da wuyar ganewa. Da Turanci aka rubuta littattafan, Turanci kuwa harshe na uku ne ga yawancin yaran, bayan harshen gida da Swahili. Da yawa daga cikinsu in an buɗe musu shafi ba sa iya karanta shi, balle su gane abin da ya ƙunsa. Masu binciken suka ce ba littafin kaɗai ba, manhajar ƙasar gaba ɗaya an ɗinka ta ne daidai da yaran da suka fi ƙoƙari, sauran kuwa ko oho.

Abin da ya sa na ɗauki wannan bincike da muhimmanci shi ne yadda aka yi shi. Kafin nan, in ana son sanin amfanin littafi, makarantu masu littafi ake dubawa a kwatanta da marasa shi, sai a ga masu littafin sun fi ci, a ce to ga shaida. An manta cewa makarantar da ke da littafi ita ce wadda iyayen yaranta ke da ɗan hali, hedimastanta ke tsaye, malamanta ke zuwa. Wa ya san wanne daga ciki ne ya kawo cin? Amma idan ƙuri'a ce ta raba, ko wata hanya da ba son rai a ciki, to makarantun sun tashi daga wuri ɗaya, duk bambancin da ya bayyana daga baya sai a jingina shi ga abin da aka ba wasu aka hana wasu. Hanyar da ake gwada sabon magani ke nan, ita ce kuma ta sa a 2019 aka ba Kremer da Abhijit Banerjee da Esther Duflo kyautar Nobel ta tattalin arziki.

A Saliyo ma an yi irin wannan gwaji a kan rabon littafi na gwamnati da aka fara a 2008, nan ma maki bai motsa ba, sai dai dalilin nasu daban ne. Da masu bincike suka zagaya sai suka tarar da littattafai da yawa a ajiye, ba a miƙa su ga yara ba. Shugabannin makarantun ba sata suka yi ba. Ba su da tabbacin yaushe za a sake kawo wasu, sai suka gwammace su adana waɗanda suka samu. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin hedimasta ya ga kwalaye a jibge ƙura ta rufe su ba zai yi mamakin wannan ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne mun daɗe muna auna harkar ilimi da abin da aka zuba, ba da abin da ya fito ba. Ajujuwa nawa aka gina, kujeru nawa aka saya, kashi nawa na kasafin kuɗi aka ware. Waɗannan su ake iya ɗauka hoto, su ake yi wa bikin ƙaddamarwa, a cikinsu ne kuma ɗan kwangila ke samun nasa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, yaron da ya shekara uku yana zuwa makaranta, zai iya karanta jimla huɗu ya faɗi abin da suka ce? A ƙiyasin da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, kusan tara cikin kowane yara goma 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba za su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba a titi suke ba. Suna cikin aji, sanye da kayan makaranta, sunansu na cikin rajista.

Littafi ba shi kaɗai ya ba da kunya ba. Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci dubban ɗaruruwa ta raba wa 'yan firamare, aka auna a makarantun karkara fiye da 300, bayan wata 15 yara sun iya danne-danne amma lissafi da karatu suna nan inda suke. Indonesiya ta yi doka a 2005 wadda ta ninka albashin duk malamin da ya samu takardar shaidar ƙwarewa. Aka gwada a makarantu 360, aka gaggauta wa malaman wasu samun ƙarin, wasu aka bar su a layi. Bayan shekara biyu zuwa uku malaman da aka ƙara wa sun fi jin daɗin albashinsu, sun rage neman aiki na biyu, matsin kuɗi ya sassauta musu, makin ɗalibansu kuwa bai ɗaga ba. A yammacin Kenya kuma aka ƙaro malamai na wucin gadi, yawan yara a aji ɗaya ya sauko daga wajen 82 zuwa 44. Yaran da suka faɗa hannun sababbin malaman sun ƙaru a karatu. Waɗanda suka rage a hannun tsofaffin malaman gwamnati ba su ƙaru da abin a zo a gani ba, domin da malaman suka ga an kawo mai taimako sai suka sassauta nasu ƙoƙarin.

Kada wani gwamna ya ji wannan ya ce ya samu hujjar ƙin biyan malamai ko ƙin gina aji. Malaman Indonesiya dama ana biyansu, ƙari aka yi musu. Wanda ya yi wata uku bai ga albashi ba maganarsa daban ce, ba kuma sai an yi bincike ba kafin a san ba zai tsaya a aji da zuciya ɗaya ba. Gini ma yana da ranarsa. Ita dai wannan Indonesiyar, da kuɗin man fetur, ta gina makarantun firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978, Duflo kuma ta nuna cewa yaran yankunan da suka fi samun makarantun sun ƙara shekarun karatu, da suka girma sun ƙara samun albashi. Inda babu makaranta sam, a gina. A Busia, maganin tsutsar ciki mai arha da aka fara bai wa yara a 1998 ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Sai dai shi ma bai ɗaga makin jarrabawa ba. Shigo da yaro cikin aji aiki ɗaya ne, koya masa karatu wani aikin ne daban, mu kuwa na farkon muke yi mu kaɗe hannu. Tun 1976 da aka buɗe shirin firamare kyauta a Najeriya, aka yi tsammanin yara miliyan 2.3 sai wajen miliyan 3 suka bayyana, hankalinmu ya tafi ga ƙirga kawuna, har yau bai dawo ba.

In kana son ganin inda gizo ke saƙa, ka tsaya a bakin tagar aji huɗu a makarantar gwamnati da misalin ƙarfe goma na safe. Malama ta juya baya tana cika allo da darasin kimiyya cikin Turanci, daga wannan bango zuwa wancan. Aji ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa. Kowa na kwafa, shiru kake ji, har ka ce ai karatu ya kankama. Sai ka karɓi littafin yaron da ke can baya jikin bango. Ya cika shafi tsaf, amma babu tazara tsakanin kalma da kalma, wani harafin ya juya baya, inda allon ya tsage kuwa har tsagar ya kwaikwaya. Zane yake yi, ba rubutu ba. Ka nuna masa layin farko ka ce karanta mini, sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Malama ta juyo ta ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Eh, Malama!" Ita ta san ba su gane ba, su ma sun san ta sani. A ƙarshen shekara duk za a ɗaga su zuwa aji biyar, inda darasi zai ƙara nauyi, shi kuwa yaron jikin bango yana nan a inda aka bar shi tun aji ɗaya.

Ba na ganin laifin malamar ita kaɗai. Takardar tsarin darussa tana hannunta, mako kaza darasi kaza. Idan mai duba makarantu ya zo, abin da zai buɗe shi ne littafin shirin darasinta, ya ga ko ta kai inda ya kamata, ya sa hannu. Ba zai kira yaro ya ba shi karatu ba. To don me za ta tsaya koya wa ɗan aji huɗu baƙaƙe, alhali a kan kammala manhaja za a tuhume ta? Wani bincike da aka yi a Delhi ta Indiya ya nuna girman wannan rami da alƙaluma. Matsakaicin ɗan aji shida a lissafi yana baya da wajen aji biyu da rabi, kuma a cikin aji guda za ka samu yara a matakai biyar ko shida daban-daban. Malami ɗaya, darasi ɗaya, matakai shida. Wa zai yi wa magana? Na gaba yake yi wa, don su ke amsawa. A wannan binciken kuwa an gwada koyarwa da kwamfuta, ta kuma yi amfani ƙwarai cikin 'yan watanni, saɓanin ta Peru, saboda manhajar da ke cikinta tana fara gano inda yaro ya tsaya ne, ta ba shi aiki daga nan.

A Indiya ɗin ne aka fi zurfafa neman mafita. Ƙungiyar Pratham, wadda aka kafa a Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ta fara da abu mai sauƙi. Ta riƙa ɗaukar 'yan mata na unguwa da suka gama sakandare, ta ba su horo na mako biyu da ɗan alawus, a ware musu yara 15 zuwa 20 daga aji uku da huɗu waɗanda aka bari a baya, su zauna da su awa biyu kullum suna koya musu abin da ya kamata a ce sun iya tun aji ɗaya da biyu. Banerjee da Duflo da abokan aikinsu suka auna shirin a biranen Vadodara da Mumbai a farkon shekarun 2000. Maki ya ɗaga a shekarar farko, ya ƙara ɗagawa a ta biyu, kuma akasin littafin Busia, yaran da ke can ƙasa su suka fi cin moriya. 'Yan matan nan ba su fi malaman gwamnati ilimi ba, ba su kai su ba ma. Bambancin kawai an sake su su koyar da abin da yaro ke bukata, ba abin da takarda ta ce ba.

Daga nan tsarin ya girma zuwa abin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Farkonsa takarda ce guda ɗaya. A jikinta akwai haruffa, da kalmomi, da ɗan sakin layi mai jimloli huɗu, da gajeren labari. Malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya nuna masa sakin layin. In ya karanta a hau da shi zuwa labari, in ya kasa a sauko da shi zuwa kalmomi, in nan ma ya gagara a sauko haruffa. Cikin 'yan mintoci an san inda kowa yake. Sai a rushe rabon aji na wani lokaci a kowace rana, a haɗa masu haruffa wuri ɗaya ko daga aji nawa suke, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Lissafi kuma da tsinkaye ake yi, a ɗaure goma-goma, yaro ya ga da idonsa me ake nufi da aro idan ana ɗebewa. Bayan 'yan makonni a sake aunawa, wanda ya wuce ya matsa gaba. A jihar Uttar Pradesh, inda karatu ya yi ƙasa ƙwarai, an yi wannan cikin kwanaki 40 da aka rarraba cikin shekara, tare da ɗan ƙari lokacin hutu. A ƙarshe kusan rabin yaran sun iya karanta sakin layi ko labari. A makarantun da ba a yi ba, kusan ɗaya cikin huɗu ne.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A makarantar allo yara talatin na iya zama a zaure guda, kowa da inda allonsa ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefe ya yi nisa cikin izu. Malam ba ya cewa tunda kai shekararka tara dole ka karanta abin da sa'anninka ke karantawa. Sai ka biya ka iya za ka wanke allo a yi maka ƙari. Tsangaya tana da nata matsaloli masu nauyi, ba su nake wankewa ba. Amma a kan wannan ƙa'ida guda, cewa ba a wuce da yaro gaba sai ya riƙe na baya, makarantar boko da muka gada ita ce ta yi sake.

Akwai masu cewa raba yara bisa iyawa wulaƙanci ne, zai sa a riƙa kiran wasu daƙiƙai, su karaya. Damuwa ce ta gaskiya, an kuma gwada ta. A 2005 Duflo da Pascaline Dupas da Kremer suka ɗauki makarantu 121 a yammacin Kenya da aka raba musu aji ɗaya gida biyu. A wajen rabinsu ƙuri'a ta raba yaran, a sauran kuma aka raba su bisa makin da suka zo da shi. Bayan wata 18, makarantun da aka raba bisa iyawa su suka fi, kuma ba na sama kaɗai ba, har na rukunin ƙasa sun fi takwarorinsu da aka cakuɗa. Ni dai a ganina babu wulaƙancin da ya kai a zaunar da yaro shekara shida yana kallon allo ba ya gane komai, a kuma ba shi takardar kammalawa. Sharaɗin dai shi ne rukunin ya zama mashiga, ba mazauni ba. In aka daina sake aunawa, aka bar yaro a rukunin ƙasa har ya fita, to masu sukar sun yi gaskiya.

Inda na fi son masu mulki su tsaya su karanta da kyau shi ne wuraren da tsarin ya faɗi, don ya faɗi ba sau ɗaya ba. A jihohin Bihar da Uttarakhand, tsakanin 2008 da 2010, an horar da malaman gwamnati, an ba su kayan aiki, aka ce su yi a cikin zangon karatu. Kusan babu abin da ya canza. Sun je horo, sun dawo, sun ci gaba da bin manhaja kamar jiya. Abin mamaki, malaman gwamnatin Bihar da aka sa su koyar a sansanin hutu da wannan hanya sun samu sakamako mai kyau. Wato iyawa suna da ita, tsarin ne ya ɗaure musu hannu. Sai a jihar Haryana aka gyara: aka yanka awa guda a jadawalin kowace rana ta zama ta wannan aiki kaɗai, aka horar da jami'an da ke sa ido a kan makarantu har sai da su da kansu suka shiga aji suka gwada, sannan suka riƙa zagayawa. Nan karatun yara ya ɗaga. A Kenya kuma da aka faɗaɗa shirin malaman wucin gadi, aka raba makarantu tsakanin wata ƙungiyar agaji da ma'aikatar ilimi, shiri iri ɗaya, ɓangaren ƙungiyar ya samu ci gaba, na ma'aikatar bai samu komai ba. Cikin dalilan da aka gano akwai jinkirin biyan albashi da kuma rigima da ƙungiyar malamai. Wanda ya san yadda taron horar da malamai ke ƙarewa a wajenmu, a ci abinci, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a watse, zai gane cewa da Bihar muka fi kama, ba Haryana ba.

Su ma masana tattalin arzikin ba wahayi ake yi musu ba. Abin da ya yi aiki a Vadodara ba lallai ya yi a Gaya ko Tawa ba sai an gwada. Wani ci gaban yana dusashewa, kamar yadda aka gani a shirin 'yan matan Pratham, inda shekara guda bayan an daina, kaso mai yawa na ribar ya zube. Maki kuma ba shi ne dukan ilimi ba, akwai tarbiyya, akwai abubuwan da sai bayan shekara ashirin suke bayyana. Yaran Busia da suka sha maganin tsutsa ba su fi kowa maki ba, amma da aka bi su har girma an samu alamun sun fi samun abin hannu, ko da yake masana sun yi ta jayayya a kan alƙaluman binciken na farko. Duk da haka, mai aunawa ya yi kuskure a gyara masa ya fi mini wanda bai taɓa aunawa ba yana ta kashe biliyoyi.

Abin nan ya riga ya iso gida. Ghana ta gwada irinsa tun farkon shekarun 2010, Zambiya ta ɗauke shi a makarantun gwamnati daga 2016. A Najeriya an fara gwada shi a Barno, a 2019 kuma aka shigo da shi Kano, a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da Hausa ake fara koya musu karatu. Nan ne zancen harshe ya dawo, don ciwon Busia namu ne sak. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekarun firamare shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a ƙarshen 2025 aka sanar da soke ta. A tsakanin nan ban ga an wadata makarantu da littattafan Hausa ko malaman da aka horar su koyar da su ba, don haka ban san me aka auna aka ce ya gaza ba. Iyaye suna son Turanci, suna kuma da gaskiya, da shi ake cin jarrabawa a samu aiki. Amma yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi ya riga ya mallaki dabarar karatu, abin da ya rage masa koyon sabon harshe ne. Wanda aka haɗa masa biyun a lokaci guda yakan tashi babu ko ɗaya.

Kenyar da ta ba mu labarin littafin da bai yi amfani ba ita ce kuma ta nuna yadda littafi ke amfani. Daga 2015 ta shimfiɗa shirin Tusome a makarantun gwamnati na ƙasa baki ɗaya: littafi ɗaya ga kowane yaro, an rubuta shi daidai da mai koyon karatu, da jagorar malami mai darasin kowace rana a tsare, da jami'ai masu shiga aji su zauna su kalli darasi su ba malami shawara. Karatun 'yan aji ɗaya da biyu ya inganta a Swahili da Turanci. Wannan ya fi mini ma'ana a kan abin da aka yi a Kaduna a 2017, lokacin da malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a jarrabawar matakin aji huɗu, aka sallame su. Jarrabawar ta tona abin da ke akwai, ba na musu. Sai dai in ka kawo sabon malami ka miƙa masa tsohuwar manhaja da tsohon mai duba makaranta, shi ma allo zai cika ya ce kun gane.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, babban kaso na tafiya ga gine-gine, wasu jihohi ma sukan bar nasu a ajiye don sun kasa kawo nasu rabin. Abin da nake nema bai kai kuɗin katangar makaranta goma ba. Kowace hukumar ilimin firamare ta jiha ta riƙa auna 'yan aji uku da waccan takarda guda sau ɗaya a shekara, da Hausa ko harshen da yaran wurin ke ji, kuma ba malaman makarantar za su auna nasu ba. A buga sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta shi a rediyo yadda ake karanta farashin hatsi. Pratham tana yin irin wannan a karkarar Indiya tun 2005 da 'yan sa-kai masu bi gida-gida, shekara da shekaru kuma alƙaluman suna nuna kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Jami'ai ba su ji daɗin jin haka ba, amma musu ya yi wuya, tunda kowane uba na iya ɗaukar takardar ya gwada ɗansa a tsakar gida. Bayan aunawa sai awa guda a jadawali, a rubuce, da sa hannun kwamishina, don malama ta san in mai dubawa ya same ta tana koya wa ɗan aji biyar haruffa ba takardar tuhuma zai ba ta ba. Shi ma mai dubawar a canza masa fom: a cire layin da ke tambayar ko an kai darasi na goma sha biyu, a sa wanda ke tambayar yara nawa ya kira da kansa, nawa ne suka karanta.